Mi Baba ya yi?

To, an sako Baba jiya da la'asar, sai ga mutane a nan suna ta "Alhamdulillah, jami'ai sun kyauta." Sun kyauta? Dattijo mai furfura ya kwana uku a bayan kanta saboda ɗansa ya ci bashin buhunan albasa ya gudu, kuma mu ne da godiya. Madalla, sai mu haɗa musu da goro.

Ba a kama wani a madadin wani. Sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda Buhari ya sa wa hannu, ta maimaita hanin a sashe na 36. Bashin ciniki ma ba abin caji ofis ba ne, maganar kotu ce. Tsarin mulkin 1999 kuwa, a sashe na 35, ya ce in akwai kotu cikin kilomita 40, kwana ɗaya ne a kai mutum gabanta. Daga Mabera, cikin garin Sakkwato, zuwa kotu kilomita nawa ne, jama'a?

Wani ya rubuto mini wai in ba a riƙe uban ba yaron ba zai fito ba. Ɗan'uwa, riƙe mutum har sai an kawo maka abin da kake so, mi ake kiran wannan a Isa da Sabon Birni, inda 'yan bindiga suka sha garkuwa da mutane? Kaki ba ya sauya masa suna. Masu cewa dokar Turawa ce kuma, ku koma makarantar allo. Tun muna yara muka karanta cewa babu rai da ke ɗaukar laifin wani rai, yana nan cikin Suratun Najmi.

Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne malamanmu na shari'a. Wallahi ina girmama su, wasunsu sun koyar da ni. Amma shekara nawa ana rubuta maƙaloli kan haƙƙin ɗan Adam da Turanci mai nauyi, a je otal a Abuja a karanta wa juna, a tafa, a sha shayi? Inna, matar Baba, ta sayar da tunkiyarta ta kai kuɗin beli, belin da aka manna a bango cewa kyauta ne. Ba wanda ya taɓa gaya mata da Hausa cewa mijinta bai kamata ya kwana can ko dare ɗaya ba. Na ga idonta a ƙofar caji ofis, har yanzu barci bai yi mini daɗi ba.

Ranka ya daɗe Farfesa, minti 15 a rediyo kowane mako, da harshen da Inna ke ji. Jimla guda ma ta isa a fara: ba a kama uba don ɗa.

Ku kuma dillalan albasa, don Allah ku riƙa rubuta takarda da shaidu in za ku ba da kaya bashi. Buhu ashirin a kan "ai na san babanshi"? Ni ko caja ta waya ba na ba da aro haka nan, tun da wadda na bayar da azumi har yau ba ta dawo ba.