Garin neman gira kada a rasa ido

Shekaranjiya a wajen kamun wata 'yar uwa na ga yarinyar da ba ta wuce shekara goma sha tara ba, sai da ta gaishe ni sannan na shaida ta da murya. Fuska ta yi jawur, goshi da haɓa sun cika da ƙananan ƙuraje masu ruwa, maiƙo yana ƙyalli ta ƙarƙashin hoda, ga gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin. Na ce, “'Yar nan, me ya same ki?” Ta ce, “Wallahi Anti pimpus ne suka dame ni, shi ne wata ta haɗa min mai.” Wata! Ba likita ba, ba ma mai kemis ba, wata dai da ta gani a Instagram tana tallar robobi marasa suna.

'Yan uwana mata, har da ku samarin da kuka shigo layin, wannan ɗabi'a ta shafa man haɗi na bilicin ita ce ta tsaya min a rai. Maiƙon fuska da ƙurajen balaga ba baƙin abu ba ne, kowa ya yi su. Fata ce ke fitar da mai, matacciyar fatar sama ta toshe ƙofofin gashi, ƙurji ya fito. Amma maimakon haƙuri sai a ruga wajen mai haɗi, a zuba maganin kumburi mai ƙarfi irin clobetasol ko betamethasone, a ƙara hydroquinone mai sa fata haske, wani har da sinadarin makuri mai guba, a cakuɗa a roba a ce “ogani” ne, wai ba sinadari a ciki. Sati biyun farko fuska ta yi luwai, ƙawaye su fara tambayar sirri. Daga nan maganin ya sirantar da fata, jijiyoyi su bayyana, ƙurajen su dawo ninki, nankarwa ta tsattsaga hannu da cinya. In an daina fuska ta yi zafi ta yi ƙaiƙayi, sai a koma. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Abin dariya abin takaici, Turawa ma suna da irin tasu wautar, sai dai su baƙi suke nema. Akwai gadon da suke biya su kwanta a ciki, fitilu na gasa su da haske irin na rana don fatarsu ta yi duhu, wasu har suna cewa yana busar da ƙuraje. Eh, yana busarwa na 'yan kwanaki, duhun kuma ya ɓoye jan ƙurjin, sannan fatar da ta bushe ta yi kauri, ƙofofi su toshe, ga gumi da man da suke shafawa kafin su kwanta, ƙuraje su dawo. A 2009 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan gado a sahun farko na abubuwan da ke jawo sankara, sahu ɗaya da taba sigari. Birazil ta hana shi a wannan shekarar, Ingila ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga a 2011, Ostireliya ma ta rufe shagunan. Su suna gasa kansu, mu muna ɗaye kanmu, kowa ya raina abin da Allah ya ba shi.

Mu ma ai an yi magana. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta ce bilicin ya zama matsalar gaggawa ta lafiya a Najeriya. Ghana ta hana mayukan hydroquinone tun 2016. Wa ya ji? Makuri yana lalata ƙoda, hydroquinone in ya daɗe yana barin baƙin tabo a kumatu wanda ba ya fita, amma har gobe ana sauke katan-katan. Har jarirai ake shafa wa, wai kada a ce an haifi baƙi. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho.

Ku kuma maza kada ku yi shiru kamar ba ruwanku. Wa ke cewa “ni sai fara ko da mayya ce”? Kuma ku masu ɗora hoto da tacewar waya har hanci ya ɓace, ku ne kuke sa yarinya ta dubi madubi ta tsani fuskarta.

Magani? A wanke fuska safe da dare da sabulu mai sauƙi, a daina matsa ƙurji da farce, a rage labta hoda, in abin ya ƙi a je wajen likitan fata. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa ma can ya kamata ta nufa.

Da can iyayenmu sabulun salo ne da man kaɗanya, amarya a yi mata lalle da dilka, ta fito fata sumul, baƙa a baƙarta, wankan tarwaɗa a nata. Uwa ta san duk abin da 'yarta ke shafawa domin kwalba ɗaya ce a ɗakin. Yau uwar ce ke tura kuɗin haɗin ta waya, tana cewa a ƙara mai ƙarfi, biki ya matso.