Motar zamani da fitilarta mai ƙorafi

Wai shin mota na saya ko jaririya mai laulayi? Tun daga Samaru har Kwangila a Zariya wata 'yar fitila ruwan ɗorawa take kyafta mini ido a gaban sitiyari, kuma duk bakaniken da na kai wa a Sabon Gari sai ya jona kwamfuta, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, sensa ce," kamar dai sensa aljana ce da ba ta jin ruƙiya. An sauya filogi, an juye baƙin mai, an wanke abin da ban san sunansa ba, amma kafin in kai Ƙofar Doka ta sake kunnuwa! Ina Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, wadda bakanike ke hura kafiretarta da baki ta tashi, ta ɗauki buhun masara da surukai biyar ba ta yi tari ba? Wannan kuwa ƙurar hunturu kaɗai tana sa ta zazzaɓi, ramin titi yana ɓata mata rai, ga dillali ya rantse mini wata tsohuwa ce ta hau ta a Jamus, kasuwa kawai take zuwa. Wace kasuwa, ta bayan duniya?