Yadda keke mai giya 12 ya kusa raba ni da kuɗin cefane

Wallahi keken nan ba abin da ya yi min, ni ne na je na tsokano shi. Ɗan gwanjo ne na saya nan Jos shekara biyu da suka wuce, irin na hawan dutse mai taya 26, faranti uku a gaba bakwai a baya, giya 21 kenan, yana kai ni aiki ya dawo da ni, ran Asabar kuma mu fita wajen duwatsun Shere da abokai a ɗan motsa jini. Matsalarsa ɗaya kaca takan zame idan na shiga gargada, sai in sauka in mayar in goge hannu a wando.

To sai na fara kallon turawa a YouTube da daddare. Kowa cewa yake faranti uku a gaba ai tsohon yayi ne, yanzu ɗaya ake sawa a gaba 12 a baya, kaca ba ta zamewa saboda haƙoran farantin ɗaya siriri ɗaya mai kauri suna riƙe ta gam. Kafin sati ya zagayo na ji keken nawa ya koma min kamar amalanke. Na tura wa wani abokina da ke zuwa Legas kuɗi ya taho min da kaset, wato jerin farantan baya, na Shimano Deore mai haƙori 10 zuwa 51, da kacarsa, da abin sauya giya na hannu da na baya, na ce kuma ya haɗo da taya Maxxis guda biyu tunda ita na ga kowa yana yabo.

Ranar da kaya suka iso na kwashe su sai wajen Baba mai gyaran keke na bakin layinmu, ina tafe ina taƙama. Ya ɗaga kaset ɗin nan, faɗinsa kamar faifan tankaɗe, ya juya shi ya sake juyawa ya ce "ɗana wannan na keke ne ko na injin markaɗe?" Na ce Baba ai fasaha ce, ku dai ku ɗaura. Ya kwance wilin baya ya nuna min, ashe nawa firiwil ne irin wanda ake murɗawa kamar murfin kwalba, shi kuwa sabon zura shi ake a kan hob, wato cibiyar wili, na musamman da suke kira Micro Spline, don haƙori 10 ya yi ƙanƙanta ba ya hawa ko kan hob ɗin Shimano na da balle nawa. Ba bature ko ɗaya da ya faɗi wannan a bidiyo, ko kuma ya faɗa ina gyangyaɗi.

Aka sake aike Legas a kawo hob. Sati uku ina hawa keke napep kamar wanda bai taɓa mallakar abin hawa ba. Hob ya zo, Baba ya zauna zai ɗaura sipok, ya ƙirga ramuka ya ɗago ya kalle ni, tun daga kallon na san akwai magana. Hob rami 32, wilina rami 36. Sai sabon wili. Farantan gaba kuma ashe a manne suke da kusa ba sa kwantuwa, sai sabon kurank, wato ƙarfen da ke riƙe feda da farantan, gaba ɗaya. A nan ne uwargida ta fara tambaya, "maigida wai keken nan gyara shi ake ko gina shi ake?" Na ce ki bari kawai, idan aka gama ko dutsen Shere zan hau ban yi haki ba. Ta ce to a dai bar mana na gas.

Tayoyin kuwa ban ma so in tuna. Ni dai Maxxis na ce, ban faɗi lamba ba, abokina kuma ya tambayi mai shago wacce ake yayi ya ba shi 29. Muka ɗora ta a kan wili 26 tana reto kamar yaro ya sa babbar rigar babansa, Baba dariya har da riƙe ciki, almajiran da ke wajen ma suka taya shi. Tsofaffin tayoyina aka mayar.

Ran Asabar aka fita gwaji. Gaskiya a faɗi, giyar tana shiga tsaf ba ƙara ba gardama, kaca ko sau ɗaya ba ta zame ba. Muka iso hawa na danna har faranti mafi girma, haƙori 32 a gaba 51 a baya, wato duk juyin feda ɗaya bai fi taku biyu nake ci ba. Ƙafafuna suna juyawa kamar fanka, gumi na zuba, keke kuma kamar an ɗaure shi, wata yarinya mai tallan gyaɗa ta zo da ƙafa ta wuce ni har ta waiwayo ta ce "kawu ko in tura ka?" Na ce a'a motsa jiki nake.

A gangarowa na taka ƙaya. Na tura har bakin titi wajen mai faci, ya yi facinsa lafiya lau, ya jawo tiyon iska sai ya tsaya. Sabon wilin ramin bawul ɗinsa siriri ne, don haka tif ɗin da muka sa mai bawul Presta ne, shi kuma bakin famfonsa na mota da babur ne. Ya gwada da leda, ya gwada da guntun roba, iska na fita ta gefe tana fito, daga ƙarshe ya ce "oga wannan sai dai ka hura da baki."

A bayan keke napep muka dawo gida, ni a ciki keke a ɗaure tayarsa na leƙo waje. Muna shan kwanar layinmu na hango yarana biyu a guje da kara a hannu, kowa na gara Maxxis ɗinsa, yaran unguwa na biye da su ana layin karɓar aro.