Tari Iri Ɗaya, Cuta Daban-daban

Jama'ar Kaduna, akwai abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya game da lokacin korona. Tun da gwamnan wancan lokacin, Nasir El-Rufai, ya sanar ya kamu a watan Maris na 2020, gari ya rabu biyu. Wasu da sun ji ka yi tari sai su ja baya, sun yanke hukunci korona ce. Wasu kuwa sai su ce sanyi ne kawai, a aiki yaro kemis ya sayo kafso. Duka ɓangarorin biyu sun yi wa marasa lafiya illa.

Ciwon huhu ba ƙwayar cuta ɗaya ke kawo shi ba. Korona na kawo shi, mura mai tsanani ta infuluwenza na kawo shi, ga RSV da ke sarƙe numfashin jarirai. Zazzaɓi, tari, numfashi sama-sama, duk kusan ɗaya ne. Ko hoton ƙirji ba ya faɗa wa likita sunan ƙwayar. Ɗaukewar jin ƙamshi da ɗanɗano ta fi yawa ga masu korona, amma alama ce kawai. Gwajin PCR, wanda ake zura tsinken auduga a hanci, shi ne ke raba gardama.

Me ya sa na dage? Saboda magani ya bambanta. Dexamethasone, wanda binciken Ingila ya nuna a 2020 yana ceton masu korona da ke kan oksijin, ba a ba wa mai infuluwenza shi haka kawai. Shi mai infuluwenza oseltamivir yake buƙata, kuma ya fi aiki cikin awa 48 na farko. Kafson antibayotik kuwa ba ya taɓa ƙwayoyin bairos irin su korona, infuluwenza da RSV ko kaɗan, na ciwon huhun bakteriya ne. Sannan ga tarin fuka, wanda aka kusan mantawa da shi a lokacin, alhali mai tarin da ya wuce mako biyu gwajin majina ya kamata a yi masa.

Iyaye mata, don Allah idan ƙurar hunturu ta sauko yaro ya fara tari, ku ɗaga rigarsa ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa 11 da ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, ko kuka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ku wuce kemis ku nufi asibiti a ranar.