Farar agwagwar suwan a Amurka: kyan gani bai isa hujja ba

A ƙarshen ƙarni na 19 ne masu hannu da shuni a Amurka suka fara shigo da farar agwagwar suwan (babbar tsuntsuwar ruwa mai dogon wuya, wadda ake kira mute swan a Turance) daga Turai, domin ta ƙawata tafkunan gidajensu da wuraren shaƙatawa. A Ingila tsuntsuwa ce mai martaba, wadda ake ƙirgawa a kogin Tems duk watan Yuli da sunan sarki, amma a Amurka ta zama baƙuwar da ta fi ƙarfin masu gida.

A shekarar 1962 guda 5 kacal suka kuɓuce daga wani gida a jihar Meriland, kafin shekarar 2000 kuwa sun kai kusan 4,000 a mashigin ruwan Chesapeake. Kowacce tana iya cin fiye da kilo 3 na ciyawar ƙarƙashin ruwa a rana, kuma tana zura dogon wuyanta ta tumɓuke ta har saiwa, alhali a cikin wannan ciyawa ce ƙananan kifaye da ƙaguwa suke fakewa. Ga ta da faɗa lokacin ƙyanƙyasa, tana tattake sheƙunan ƙananan tsuntsaye, har mai kwalekwale ba ta bari ba.

Bayan majalisar dokokin Amurka ta cire mata kariyar doka a 2004, hukumomin Meriland sun riƙa shafa wa ƙwanta mai don kada ya ƙyanƙyashe, suna kuma kashe manya, har adadin ya dawo ɗaruruwa. A jihar Niyok kuwa, shirin 2013 na kawar da kimanin 2,200 ya gamu da fushin jama'a, kuma a 2016 Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu a dokar dakatar da shi.

Masu kare dabbobi suna da gaskiya da suka ce tsuntsuwar ba ita ta kawo kanta ba, kuma wajibi ne a guji azabtar da ita. Sai dai a ganina Meriland ce ta yi daidai, domin shafa wa ƙwai mai kaɗai ba ya rage tsuntsuwar da ke iya rayuwa shekara 20. Da ɓera ne yake wannan ɓarna, da wuya a samu wanda zai kai ƙorafinsa majalisa.