Mai zana asibiti a Sakkwato ya fara kwana a cikinsa

A ganina, duk wanda za a ba aikin zana asibiti a Sakkwato, a fara sa shi ya kwana a ɗakin marasa lafiya cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ga shi an ɗauke wuta. Ni dai farkon shigata wannan sana'a, nas-nas da masu shara ne suka buɗe min ido.

A takarda, gado ɗaya na mutum ɗaya ne. A nan kuwa mara lafiya ba ya zuwa shi kaɗai. Tsohuwa daga Illela ko Gwadabawa za ta zo da 'yarta mai jinya, da tabarma da buta da kular abinci, bayan la'asar 'yan dubiya su cika mota. Mai jinyar nan ita ke wanka, ita ke sayo magani, ita ke kiran nas da tsakar dare. Ku dubi Asibitin Noma na Sakkwato, wato na masu cutar noma mai cin naman fuska, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta fara aiki a 2014: yaran da ake gyara wa fuska sukan yi makonni, iyaye na tare da su. In zane bai ba mai jinya wurin kwana da wanki da alwala da banɗaki ba, za ta nema wa kanta a baranda ko gindin dogon yaro, ta yi shanya a taga. Sai a ce mutanenmu ba su da tsafta, alhali tun a teburin zane aka manta da su.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yayin gilashi. Mai kuɗin aiki ya je Dubai ya gani, ya dawo yana son irinsa. A kafa bangon gilashi yana kallon yamma, a ce na'urar sanyaya ɗaki za ta ji da sauran. Wa zai sayi dizal ɗin janareta bayan an yanke kyalle an watse? Tun shekarun 1850 Florence Nightingale, shahararriyar nas ta Ingila, ke cewa tagogi su fuskanci juna iska ta ratsa. Ni kuma na ce a nan Sakkwato dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, rufi ya yi tsawo, baranda ta yi faɗi. Ɗakin tiyata da na gwajin jini ne kawai zan yarda a toshe ruf, saboda ƙurar hunturu, su kuma a haɗa musu sola.

Sai ƙofa. Ta gida santimita 90 ce, gadon asibiti kuma faɗinsa ya kusa mita guda. Wata tsohuwar nas ta taɓa ce min, "Ɗana, kafin ka zana ƙofa, tura gado da mutum a kai, da ƙarin ruwa a rataye, ka sha kwana mu gani." Ƙasa da mita 1.2 ba na sa hannu, ko ɗan kwangila zai yi fushi.