Igwa ba ta ba da labarin kanta

A shekarar 2016 aka rufe gidan tarihin igwa na Firepower da ke Woolwich a birnin Landan, unguwar da aka kafa rundunar igwa ta Ingila tun 1716. Aka kwashe bindigogi da takardu aka kai Larkhill, inda makarantar sojojin igwa take. Aka yi ta maganar gina sabon gida, shekaru suka shuɗe. Amma takardun ba su mutu ba, domin akwai masu aikin sa kai, da yawansu tsofaffin sojoji, da ke taimaka wa ma'aikata ƙalilan wajen jera wasiƙu, hotuna da littattafan da mazan jiya suka rubuta da hannunsu, suna kuma amsa tambayar wanda ya zo neman labarin kakansa. Ba wanda ke biyansu ko sisi. Wallahi mutanen nan suna burge ni.

Igwa ƙarfe ce kawai. In ka gan ta a ƙofar bariki an shafe ta da fenti, ba za ta gaya maka wa ya harba ta ba, ko wa ta kashe. Takarda ce ke faɗa.

Kuma mu muna da namu rabon a cikin wannan tarihi, mai ɗaci da mai daɗi. A watan Fabrairun 1903 Kanar Morland, kwamandan sojojin Turawan Ingila, ya girke igwogi a gaban ganuwar Kano, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Harsashi ya kasa rushe ganuwar ƙasa saboda kaurinta, sai da aka juya kan ƙofa. Bayan shekara arba'in, 'ya'ya da jikokin waɗanda aka harba wa igwa ne suka je Yaƙin Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma. A wurare da yawa na dazukan Arakan da kwarin Kaladan babu hanyar mota, don haka ana kwance igwa gunduwa-gunduwa, mutanenmu su ɗauka a ka, su hau dutse su tsallaka rafi cikin damina da zazzaɓi. Sunan Arakan da Myohaung, wuraren da suka yi yaƙi a Bama, na nan a jikin barikokin Legas. To ina sunayen waɗanda suka yi dakon?

Abin da ke ci mini rai ke nan. A gidaje da yawa akwai akwatin ƙarfe da ke ɗauke da littafin sallama daga aikin soja, da lambobin yabo, da hoto guda ɗaya na tsoho cikin kaki. Gara na ci, ruwa na shiga, ranar rabon gado kuma a ce tarkace ne. Masu iya ba da labarin da baki kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Na san za a ce aikin gwamnati ne, ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna. Haka ne, amma ma'aikacin gwamnati ba zai shiga ɗakin kakarka ya buɗe akwati ba. Kai ne za ka shiga. Muna da makarantar sojojin igwa a Kachiya, muna da tsofaffin hafsoshi da suka yi ritaya suna zaune, ga ɗaliban tarihi a Zariya da Kano, kowa da waya a hannu. Mutum biyar sun isa su fara: a ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a rubuta sunan sojan da lambarsa da garinsu, a mayar wa iyalin kayansu. Duk wanda ke da irin wannan akwati a gidansu, ya faɗa mini a nan ƙasa, mu ga ta inda za mu soma.